"Ya Ce Zai Iya": Gardamar Buguwar Kai Daga Filayen Yauri Zuwa Gidajen Kallo

Da la'asar sakaliya a watannin hunturu, filin ƙwallon makaranta a Yelwa ko Birnin Yauri ko Wara ba shi da maraba da daɓen ɗaki. Ciyawar damina ta ƙone, ƙasa ta ƙeƙashe, sai tsakuwa da ƙura. A irin wannan fili ne za a bugo kwana, yara biyu su yi sama tare kowa na neman sa wa ƙwallo kai, sai kai ya gamu da kai, ƙarar ta isa har kunnen masu tsaye a bayan raga. Ɗaya ya miƙe yana murza goshi. Ɗayan ya zube, bai motsa ba.

Abin da ke biyo baya, duk wanda ya saba tsayuwa a bakin fili ya haddace shi. Wani ya rugo da ruwan leda, ya fasa da haƙori, ya tsiyaya masa a ka da ƙeya. Wani ya tuɓe riga yana yi masa fifita. Wani ya ɗaga ƙafafunsa sama yana jijjigawa, wani kuma ya ɗan mammare shi a kunci yana kiran sunansa. Can yaro ya buɗe ido, yana kallon mutane kamar bai taɓa ganinsu ba. Koci, wanda sau da yawa malamin makaranta ne ko wani yayan unguwa da ya sayi rigunan ƙungiyar da kuɗin aljihunsa, ya durƙusa ya dafa kafaɗarsa.

"Kai, za ka iya?"

"Zan iya, Koci."

Shi ke nan, an gama bincike. Yaro ya koma fili yana ɗan tangaɗi, 'yan kallo suka ɗau tafi, wani ya ɗaga murya: "Namiji! Ba ka da raki!"

Da daddare maganar za ta koma teburin mai shayi, ta haɗu da irinta ta Turai da aka gani a gidan kallo. Domin gardamar da ake yi a kan wannan yaro ita ce dai ake yi a kan manyan taurari, kuma babu misalin da ya fi raba kan masu kallo a nan Afirka ta Yamma kamar na Sadio Mane. Ranar 25 ga Janairu 2022, a garin Bafoussam na Kamaru, Senegal na karawa da Cape Verde a zagaye na biyu na gasar cin kofin Afirka. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, Mane ya yi karo kai da kai da mai tsaron raga Vozinha, duk su biyun suka zube. An ba golan jan kati, ya fita yana layi. Mane kuwa aka bar shi a fili. Mintuna kaɗan bayan haka ya ci ƙwallo mai kyau, sannan ya sake kwantawa yana riƙe da kai, aka fitar da shi, aka wuce da shi asibiti. Kwana biyar kacal bayan nan ya buga wasan kusa da na kusa da na ƙarshe da Equatorial Guinea, duk da ƙungiyarsa ta lokacin, Liverpool, ta nemi a hutar da shi. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya nuna a shirye yake ya sa hannu a takarda, idan wani abu ya same shi laifinsa ne. Ranar 6 ga Fabrairu ya buga fenaretin da ya ba Senegal kofinta na farko.

Masu cewa an yi daidai suna da hujjar da ke da wuyar karyawa a majalisa: ga kofi nan. Da an bi ta likitocin Ingila, in ji su, da Senegal na nan tana jira. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum baligi ya ce lafiyarsa lau, wane ne kai da za ka fi shi sanin jikinsa? Wasu su ƙara da cewa 'yan wasan zamani sun cika shagwaɓa, da an taɓa su sai birgima don a cinye lokaci, in aka ce duk wanda ya dafe kai a fitar da shi, to an buɗe ƙofar yaudara.

Karin maganar mai ɗaki gaskiya ce a kan targaɗe, gaskiya ce a kan ciwon cinya ko gwiwa. A kan kai ne kaɗai take karyewa, saboda a nan mai ɗakin ne da kansa aka buge. Gaɓar da ake tambaya ko tana lafiya ita ce gaɓar da ta ji ciwo. Duniya ta ga haka ƙuru-ƙuru a wasan ƙarshe na kofin duniya ranar 13 ga Yuli 2014 a filin Maracana na Brazil, lokacin da kan ɗan Jamus Christoph Kramer ya daki kafaɗar Ezequiel Garay na Ajantina. Ya tashi ya ci gaba da wasa kusan kwata guda, har ya je wurin alƙalin wasa Nicola Rizzoli yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Mutumin da ke tsakiyar wasa mafi girma a rayuwarsa bai san inda yake ba. Da an tambaye shi a lokacin ko zai iya, amsar da zai bayar ba ta da bambanci da ta yaron Yelwa.

Bayan shekara huɗu aka maimaita. Nordin Amrabat na Maroko ya bugu a wasansu da Iran ranar 15 ga Yuni 2018, kyamara ta nuna masu kula da lafiyar ƙungiyar suna watsa masa ruwa suna marin fuskarsa, irin taimakon gaggawar da ake yi a filayenmu ba ragi ba ƙari. Ya kwana asibiti. Kwana biyar bayan haka ya fito wasan Portugal da hular kariya, bai jima ba ya cire ta ya jefar, kuma ya shaida wa 'yan jarida cewa bai tuna komai na wasan Iran ba. Kocinsu Herve Renard ya yaba masa da jarumta.

To me ke faruwa a cikin kan? Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya cak ko ya juya da ƙarfi, sai ta girgiza ta daki bangon ƙashin, jijiyoyinta su miƙe, aikin sadarwarsu ya rikice na ɗan lokaci. Wannan shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. Ba sai an daki kan kai tsaye ba. Bangaza a ƙirji ko faɗuwa ta baya na iya jawo ta. Abu biyu ne suka fi ruɗar mutane. Na farko, mafi yawan waɗanda abin ya sama ba sa suma ko kaɗan. A wasanni, masu suma ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Don haka "ai bai suma ba" ba shaidar lafiya ba ce. Na biyu, hoton kai na asibiti yakan fito fes ko da girgizar ta auku, domin aikin hoton shi ne gano zubar jini ko tsagewar ƙashi. Alamun kuwa, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ganin dishi-dishi, ƙin haske da hayaniya, mantuwa, saurin fushi, na iya jinkirta fitowa har kwana biyu ko uku.

Yawancin manya suna warwarewa cikin mako biyu, yara da matasa kan kai wata guda. Haɗarin yana cikin wannan tsakanin. Ƙwaƙwalwar da ba ta gama farfaɗowa ba tana da saurin sake buguwa, ga shi mai ita ya rage saurin kaucewa da daidaita tsayuwa. A wasu lokuta, ba masu yawa ba amma masu muni, bugu na biyu kan sa ta kumbura nan take, kuma kusan duk waɗanda aka samu da wannan matasa ne. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan yaudara: jijiyar jini ta tsinke a ƙarƙashin ƙashin gefen kai, mutum ya farfaɗo ya yi magana ya yi dariya, har ya ci tuwon dare, alhali jini na taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Sai cikin dare a ji numfashinsa ya sauya.

A Amurka, inda ƙwallon da ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano, take tara mutum fiye da dubu ɗari a filin jami'a ɗaya, wannan gardama ta taɓa cin kujerun manya. Ranar 27 ga Satumba 2014, Jami'ar Michigan na wasa da ta Minnesota. Ɗalibin da ke jagorantar harin Michigan, Shane Morris, yana ɗingishi da ciwon idon sawu, sai aka bangaje shi a haɓa. Ya miƙe yana layi har sai da ya jingina da abokin wasansa. Dubban mutane a fili da miliyoyi a talabijin sun gani, amma aka bar shi ya ƙara bugu ɗaya, aka fitar da shi, sannan aka sake mayar da shi. Koci Brady Hoke ya ce shi bai ga alamar buguwar kai ba. Sai bayan kwana biyu, cikin tsakar dare, shugaban sashen wasanni Dave Brandon ya fitar da sanarwa yana amsa cewa yaron ya samu girgizar ƙwaƙwalwa, kuma an samu rashin fahimta tsakanin likitoci da masu horarwa. Ɗalibai suka yi zanga-zanga har ƙofar gidan shugaban jami'a. Brandon ya ajiye aiki a ƙarshen Oktoba, aka sallami Hoke a farkon Disamba. Magoya baya sun rabu: wasu na ganin an fake da guzuma ne don a harbi karsana, tunda dama ƙungiyar na shan kashi, wasu na cewa ko ana cin kofi kullum, abin da aka yi wa yaron bai dace ba. Gyaran da jami'ar ta yi shi ne abin lura. Ta ajiye ma'aikacin lafiya a saman fili, gaban talabijin, ba shi da wani aiki sai duban wanda ya bugu, da ikon kiran bakin fili kai tsaye.

Kafin wannan, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Zackery Lystedt ya bugu a wasan makaranta a jihar Washington a 2006, aka mayar da shi fili, ya faɗi bayan an tashi, aka yi masa tiyata a ka, ya rayu da nakasa. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa: duk yaron da ake zargin ya bugu a fitar da shi, kuma ba ya dawowa sai da takardar ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 kowace jiha a Amurka ta yi irin tata. Wanda kuma ya tona illar da ke zuwa bayan shekaru ɗan Najeriya ne, Dokta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya. A 2002, a birnin Pittsburgh, ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster, ya ga lalacewa irin wadda aka sani a 'yan damben zamani tun 1928. Da ya wallafa sakamakon a 2005, likitocin hukumar wasan suka nemi a janye shi. Lokaci ya gaskata shi. Ƙwallon ƙafa ma ba ta tsira ba: binciken Jami'ar Glasgow na 2019 a kan tsofaffin ƙwararrun 'yan wasan Scotland fiye da 7,000 ya nuna sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa.

Wani zai ce wannan duk zancen Turawa ne masu kuɗi da na'urori. Akasin haka ne gaskiya. Mane ya bugu, cikin ɗan lokaci yana gaban na'urar hoton kai. Victor Osimhen ya yi karo da Milan Skriniar a wasan Napoli da Inter ranar 21 ga Nuwamba 2021, ƙasusuwan fuskarsa suka farfashe, ƙwararru suka ɗaure su da faranti 6 da kusoshi 18, shi ya sa har yau ake ganinsa da takunkumin fuska. Yaron da ya bugu a Shanga ko a wata tunga ta bakin tafkin Kainji fa? Sai an nemo babur ko mota, wani wurin ma sai an tsallako ruwa da kwalekwale, kafin a isa babban asibitin Yelwa. In abin ya fi ƙarfin nan, a kama hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi. In kuwa jini ne ya taru sai an buɗe kai, to tafiya ta miƙe ta Tambuwal har cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar sa'o'i, a kan cutar da ake lissafa ta da mintuna. Wanda likita ke kusa da shi yana iya yin ganganci ya sha. Na nesa da likita ba shi da wannan damar, don haka shi ya fi kowa bukatar a cire shi daga fili tun bugun farko.

Ko a babbar gasar ƙasa, tanadin bakin fili ya sha ba da kunya. Ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, motar asibitin da aka ajiye a filin ta ƙi tashi, aka ɗauke shi a wata motar, rai ya yi halinsa. Shekara 30 da 'yan watanni ke nan bayan Samuel Okwaraji ya faɗi a filin Surulere a wasan Najeriya da Angola, ranar 12 ga Agusta 1989. Nasu ba buguwar kai ba ce, amma darasin bakin filin ɗaya ne. In haka ta faru a inda akwai doka da tara da kyamara, sai a auna gasar unguwa da ake shiryawa da karo-karo.

Sannan akwai abin da ke faruwa bayan yaron ya koma gida, wanda babu littafin Turai da ya yi lissafinsa. Ciwon kai da amai da kasala, a ƙasar da ke bakin ruwa, sunansu ɗaya: zazzaɓin cizon sauro. Uwa za ta aika kyamis a haɗo magani, ba ta ma san an buge shi ba, domin ya ɓoye kada Baba ya hana shi ƙwallo. Idan ya fara surutai ko jijjiga, wata maƙwabciya ta ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Abokai kuma na iya ba shi ƙwaya mai kashe zafi irin su tiramol, wadda ke rufe alamun da ya kamata a gani, ita kanta kuma tana jawo jijjiga. Washegari da asuba zai hau babur ya fita acaɓa ba hular kwano, ko ya bi mahaifinsa su, ya tsaya a bakin kwalekwale yana jefa birgi da kan da ke juya masa. A tudu jiri faɗuwa ce. A tsakiyar Kainji maganar ta wuce faɗuwa. Ɗan makarantar kwana kuwa zai zauna a aji rubutun allo na yi masa rawa, malami ya ɗauka lalaci ne.

Abin mamaki, al'adar Bahaushe ta riga hukumomin ƙwallo gane wani sashe na wannan magana. A dambe, ko ɗan Kudu ne ko Arewa ko Jamus ko Guramada, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Babu ƙirga goma a ba mutum dama ya tashi a sake nausarsa, kamar yadda ake yi a damben zamani, kuma ba wanda ke tambayar wanda aka buge ko zai iya. Masu rabo su shiga tsakani, a ja shi gefe, kuma ba wanda ya taɓa cewa wannan ƙa'ida ta rage wa zakarun dambe irin su Shago ko Ɗandunawa kwarjini. Inda damben ya gaza shi ne gobe. Wanda aka kashe yau yakan ɗaura zare washegari ya fito neman fansa, kalangu na zuga shi, kuma duk mai bin gidajen dambe ya san tsofaffin 'yan wasan da harshensu ya yi nauyi, hannu na rawa, tun ba su tsufa ba. Dambe ya san lokacin tsayawa, bai san tsawon hutu ba. Ƙwallon unguwa ba ta san ko ɗaya ba.

Sai dai a yi wa koci adalci, domin shi ake ɗora wa laifi a kowace majalisa. Canjinsa ƙidayayye ne. Yaron da ya bugu shi ne mai ci masa ƙwallo. Wanda ya sa kofin yana zaune a rumfa, unguwa guda ta yi hayar mota ta zo. Yaron da kansa yana roƙo, har da hawaye, domin ya ji an ce akwai mai neman 'yan wasa a cikin taron, kuma kowane yaro a Kebbi ya san labarin Zaidu Sanusi, wanda ya tashi daga filayen Jega ya kai FC Porto, ya ci ƙwallon da ta ba su kofin gasar lig ta Portugal a gidan Benfica a Mayu 2022. Mutumin da ke cikin wannan matsi, ko waliyyi ne, idonsa zai ga abin da zuciyarsa ke so. Ko inda akwai likitoci haka take faruwa. Ranar 11 ga Mayu 2025, Taiwo Awoniyi na Nottingham Forest ya daki turken raga da ciki a wasansu da Leicester, aka duba shi, ya nuna zai iya, koci ya yi canjinsa na ƙarshe da wani ɗan wasan daban. Awoniyi ya kasa ko gudu. Ashe hanjinsa ne ya fashe, sai da aka yi masa tiyatar gaggawa aka sa shi dogon barci. Masu kallo a nan sun kwana suna gardama ko laifin koci ne, ko na likita, ko na mataimakiyar alƙalin da ta jinkirta ɗaga tutar satar gida. Ba a cika jin wanda ya tsaya a kan ainihin wurin ba: an ɗauki "zan iya" a matsayin sakamakon gwaji.

Shi ya sa duk gyaran da ya yi aiki a duniya hanya ɗaya ya bi, wato cire hukuncin daga hannun masu son a ci wasa. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta fara gwajin ƙarin canji na musamman don buguwar kai a 2021, ta shigar da shi cikin doka daga Yuli 2024: wanda aka fitar saboda kai ba ya cin canjin ƙungiya, kuma ba ya dawowa. Ƙungiyar 'yan wasa ta duniya da gasar Firimiya sun so a ba da canjin wucin gadi, a fita da mutum a duba shi a natse kamar yadda ake yi a wasan rugby, hukumar ba ta amince ba, kuma har yanzu ana ja-in-ja a kan haka. Ga filayen da babu likita kuwa, wannan saɓani bai shafe su ba. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin makarantu da unguwanni ta fi kusa da halinmu: in an yi shakka a fitar, ba komawa a ranar, hutun kwana ɗaya zuwa biyu, a dawo da karatu da motsa jiki sannu a hankali, kuma ba gasa kafin kwana 21. Ƙorafin masu tsoron yaudara ma ya faɗi a nan, domin ba wanda zai yi ƙaryar ciwon kai in ya san mako uku zai yi a benci.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar na'ura. Akwai tambayoyi biyar da wani masani ɗan Ostireliya, David Maddocks, ya tsara, waɗanda malamin wasanni zai iya yi da Hausa ko Gunganci ko Kambarci: a wane fili muke, rabin farko ne ko na biyu, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wa muka buga wancan wasan, mun ci ko an ci mu? Kuskure ɗaya ya isa a fitar da yaro. Amsa su daidai kuma ba ta wanke shi ba, in an ga ya yi layi, ko ya yi jim a ƙasa, ko idonsa ya yi fayau. Wanda ke kwance bai motsi, ba a ɗaga ƙafarsa, ba a marinsa, ba a ɗura masa ruwa, ba a cicciɓarsa kai na reto, saboda wuya na iya karyewa tare da buguwar kai. In kuwa aka ga amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, sanyin hannu ko ƙafa, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, to ba kyamis ba, ba mai ɗori ba, asibiti ne a daren.

Mutanen Yauri ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari. Al'ummar da ke shirya Rigata, inda ake tseren jirage da ninƙaya a gaban Mai Martaba Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ta san ba a sakin mutane a ruwa sai an tanadi masu ceto a gefe, kuma ta san in dattijon ruwa ya ce yau ba a shiga, ƙarfin saurayi ba ya soke maganarsa. Abin da filin ƙwallo ya rasa ke nan: mutum ɗaya da ba ya goyon kowa, ma'aikacin lafiya daga asibitin gari ko malamin wata makarantar daban, wanda aka sanar tun ranar rabon rukuni cewa in ya ce yaro ya fita, ya fita, ko wasan ƙarshe ne, ko ɗan wane ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar dokokin gasa da ake raba wa ƙungiyoyi, wadda ke fayyace kuɗin rajista da tarar jan kati da hukuncin sa ɗan haya, tana da wurin ƙarin layi uku: canjin kai kyauta ne, wanda ya fita sai bayan kwana 21, kuma daga kuɗin rajista an ware na man mota da za ta tsaya a bakin fili da direbanta har a tashi. Sai aiki na ƙarshe, wanda ya fi sauran wuya ga koci domin zai sha faɗa: ya raka yaron har gida, ya yi sallama a zaure, ya ce, "Baba, an buge shi a ka yau a wurin wasa. Kada ya kwana shi kaɗai, kada ya hau babur, kada ya shiga ruwa. In ya yi amai ko ya ƙi tashi, ga lambata, ko ƙarfe nawa ne."